Shin "marabu" shi ne malam? Amsa ga wani ɗalibi ɗan Garwa

Wani ɗalibi ɗan Garwa da ke karatu a jami'a a Yaunde, babban birnin Kamaru, ya aiko mini da tambaya. Bayan sallama, ya ce mahaifinsa ya shekara fiye da 30 yana karantar da yara Alƙur'ani a zauren gidansu har Allah ya yi masa rasuwa, amma a takardar haihuwarsa, a gurbin sana'ar uba, an rubuta kalmar Faransanci "marabout". Da abokan karatunsa 'yan kudu suka ga takardar sai suka riƙa tsokanarsa, suna cewa ya haɗa musu asirin cin jarrabawa tun da ya gada. Yana so ya san ko kalmar zagi ce, ko kuwa daidai take da "malam", sannan a bayyana masa bambancin malam da modibbo da goni da ustaz, da yake duk yana jin su a gari ɗaya.

Amin, wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa karatun da ya bayar ya zame masa sadaka mai gudana. Ma'aikacin da ya rubuta waccan kalma a takardarka bai yi nufin cin mutunci ba, domin ita ce ofisoshinmu suka gada tun zamanin Turawa don rubuta sana'ar duk wanda ke karantar da addinin Musulunci. Abokan karatunka kuma ba su ne suka ƙirƙiri ma'anar da suka ba ta ba, haka ta koma a bakin masu jin Faransanci a yau. Na daɗe ina koyar da Hausa da Larabci, na kuma sha yin tafinta tsakanin dattawanmu da ma'aikatan gwamnati, kuma abin da na fahimta shi ne wannan kalma, wadda ake furtawa "marabu", buhu ce da aka tattara mutane iri-iri aka zuba a ciki, mutanen da mu a Hausa da Fulatanci da Barbarci muke kiran kowannensu da sunan da ya dace da matsayinsa.

Asalin kalmar Larabci ne, daga "murabiɗ", wato mai zaman ribaɗi. Tushenta yana nufin ɗauri, kamar yadda ake ɗaure doki a turke, ribaɗi kuwa shi ne sansanin da Musulmi ke tsayawa a bakin iyaka, dawakansu a ɗaure, suna gadi suna kuma ibada. Umarnin yin haka yana cikin ayar ƙarshe ta Suratu Ali Imrana, aya ta 200, inda aka haɗa shi da haƙuri da dauriya da tsoron Allah. Akwai kuma hadisin da Imamu Malik da Imamu Muslim suka ruwaito, wanda a cikinsa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ambaci cika alwala a lokacin da yin ta ke da wuya, da yawaita takawa zuwa masallatai, da jiran salla bayan salla, ya ce wannan shi ne ribaɗi. Ka ga ke nan tun farkon Musulunci kalmar tana ɗauke da ma'anar tsaron iyaka da kuma ma'anar lizimtar ibada, babu tsafi a ko'ina cikinta. Ribaɗin Munastir a Tunisiya, wanda aka gina a shekarar 796, yana nan tsaye har yau, sunan Rabat babban birnin Maroko ma daga wannan kalma ya fito. Daular Almurabiɗuna, wadda wani malamin fiƙihun Malikiyya mai suna Abdullahi ɗan Yasin ya assasa tsakanin ƙabilun Sanhaja na Sahara kafin a kashe shi a 1059, ta kafa birnin Marrakesh wajen 1070, ta kuma ƙetara Andalus ta ci yaƙin Zallaƙa a 1086 a ƙarƙashin Yusuf ɗan Tashfin. A ƙasar Hausa ma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗai a iyakokin daularsa, kuma a ribaɗinsa na Wurno ya rasu a 1837. Duk wanda aka kira murabiɗ a wancan zamani an girmama shi ne.

Da ƙarnoni suka shuɗe sai ma'anar ta karkata a ƙasashen Magrib. Murabiɗ ya zama sunan mutumin da jama'a ke ganin yana da albarka, mai zawiyya da almajirai, wanda ake kai wa ziyara yana raye, ake kuma gina ƙubba a kan kabarinsa bayan ya rasu, har ita kanta ƙubbar aka riƙa kiran ta da wannan suna. A haka Turawa suka tarar da kalmar. Ta shiga Faransanci ta hanyar harshen mutanen Fotugal tun kafin mulkin mallaka, amma ta yi ƙarfi ne bayan Faransa ta kama Aljeriya daga 1830, kuma jami'an da suka yi aiki can suka sauko da ita Senigal da sauran ƙasashen baƙar fata. A nan ne aka yi kwaɓar. Wanda Wolof ke kira seriñ, da wanda Fulanin Futa ke kira cerno, da wanda Mande ke kira karamoko, da malam na Hausa, da modibbo na Adamawa, da goni na Barno, da faki na Wadai, duk aka rubuta su da kalma guda. Sun ma ba tsuntsun nan borin tunke wannan suna saboda yadda yake tsayawa shiru kansa a sunkuye, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna maka irin idon da suke kallon mai sunan.

Dalilin wannan haɗe-haɗe bai tsaya ga jahilci ba, akwai tsoro a cikinsa. Bature ya lura cewa duk inda aka yi masa bore a waɗannan ƙasashe, da wuya a rasa malami a gaba. A nan arewacin Kamaru, shekaru kaɗan bayan Jamusawa sun kama Garwa a 1901 da Marwa a 1902, an yi tawayen Mahadiyya guda biyu a shekarar 1907, ɗaya a yankin Marwa ƙarƙashin Mal Alhaji, ɗaya kusa da Garwa ƙarƙashin Goni Wadai, kuma ka lura da laƙabin da ke gaban sunan kowannensu. A Chadi kuwa, a shekarar 1917, sojojin Faransa sun karkashe malamai da manyan gari masu yawa a Abeshe da adduna, abin da mutanen Wadai ke tunawa da shi har yanzu da sunan kubkub, kuma da dama cikin malaman da suka tsira sun yi ƙaura zuwa Sudan. Saboda haka gwamnatin mallaka ta Faransa ta riƙa buɗe wa kowane malami takardar bayani, ana rubuta inda ya yi karatu, da ɗariƙar da yake bi, da yawan almajiransa, da ko yana biyayya ko ba ya yi. Mai cike irin wannan takarda ba ruwansa da ko mutumin ya haddace Muhtasar, babban littafin fiƙihu, ko kuwa laya kawai ya iya ɗinkawa, abin da ya dame shi shi ne mutum nawa ke sauraronsa. Kalma ɗaya ta ishe shi, kuma ita ce ta gangaro har zuwa takardar haihuwarka.

A Senigal har yau kalmar ba ta zubar da mutuncinta gaba ɗaya ba, domin ana kiran manyan shehunan Muridiyya da Tijjaniyya da ita cikin girmamawa. Amma a Faransa, da kuma kudancin Kamaru inda mafi yawan jama'a ba Musulmi ba ne, wanda mutane suka fi haɗuwa da shi da wannan suna shi ne mai raba 'yan takardu a bakin tasha yana alkawarin dawo da masoyin da ya gudu, ko cin zaɓe, ko cin wasan ƙwallo. Har fi'ili suka ƙera daga kalmar, suna cewa an "marabute" wani, wato an yi masa sammu. Wannan ita ce ma'anar da ke kunnen abokan karatunka, kuma a Hausa sunan mai wannan sana'a boka, ko kuma, idan yana fakewa da allo da tawada, malamin tsibbu.

Malam daga Larabci take, daga "mu'allim", mai koyarwa, kuma ta daɗe a harshen har ta samu dangi: malami, malama, malamai, malanta. Fulani suna cewa mallum, a rubuce-rubucen Kamaru kuma za ka ga an gajarta ta zuwa "Mal" a gaban suna. Abin da ya kamata ka riƙe game da ita shi ne babu wata hukuma da ke naɗa mutum malam. Musulunci ba shi da rukunin mutanen da aka keɓe da shafe ko rantsuwa don su tsaya tsakanin bawa da Ubangijinsa, irin yadda Cocin Katolika ke keɓe fada. Mutum yana zama malam ne a hankali, a idon waɗanda suka ga zamansa gaban wani malami, suka ga ya sauke, suka ga an fara kawo masa yara, suka gwada shi da tambaya ya amsa. Ijazar da malami ke ba ɗalibinsa shaida ce cewa ya karanta littafi kaza a hannunsa kuma an yarje masa ya karantar da shi, ba ta mayar da shi wani jinsin mutum daban. Shi ya sa za ka ga babban malami yana noma gonarsa ko yana ɗinkin hula a kasuwa, kuma ba wanda ke ganin haka ya rage masa daraja.

A tsarin tsangaya, wanda mahaifinka ya fito daga cikinsa, matakan a bayyane suke, kuma a ganina nan ne Hausa ta fi nuna ƙwarewa wajen rarrabe mutane. Yaro ƙarami da ya fara babbaƙu da farfaru kolo ne. Idan ya ɗan tasa ya zama titibiri, idan ya balaga yana iya taimaka wa malam da kula da ƙanana ya zama gardi. Wanda ya sauke yana iya karantarwa shi ne malam. Alaramma shi ne wanda ya haddace Alƙur'ani yana kuma iya rubuta shi da ka, ba tare da duba wani kwafi ba. Gwani ya wuce nan, domin shi bayan hadda da rubutu ya san inda kowace kalma ta maimaitu da sau nawa ta zo, ya san ayoyin da suka yi kama da juna da ɗan abin da ya raba su, har idan mahaddata suka yi saɓani a kan wasali ɗaya wurinsa ake zuwa. Wanda ya gagari gwanaye kuwa ana ce masa gangaran. Goni da kake ji a Marwa da Kusuri da Njamena ita ce gwani a bakin Barebari, kuma Barno ce cibiyar wannan fanni tun zamanin da sarakunanta ke ba gidajen malamai takardar mahram, wadda ke ɗauke musu haraji da aikin soja don su zauna su yi karatu. A Hausa kalmar gwani ta fita daga tsangaya ta shiga ko'ina, muna cewa gwanin ɗinki, gwanin magana, amma goni a bakin Barebari ta fi tsayawa kan Alƙur'ani.

Sai dai hadda fanni ɗaya ce, ilimin littattafai kuma fanni ne daban, kuma mutane da yawa suna rikita su. Ana iya samun gonin da ba a kama shi da kuskure a izu sittin amma bai zurfafa a fiƙihu ba, ana kuma iya samun masanin fiƙihu da haddarsa ba ta cika ba. Makarantar ilimi, wadda ake yi a zaure bayan sallar asuba ko bayan la'asar, tana farawa daga ƙananan littattafai irin su Ahalari da Ishmawi da Iziyya, a wuce Risala ta Ibn Abi Zaid mutumin Ƙairawan wanda ya rasu a 996, a dangana da Muhtasar na Halil, ana haɗawa da nahawu da lugga da tafsiri. Wanda ya ratsa wannan hanya har ya zama abin komawa a fatawa shi ne Fulanin Adamawa ke kira modibbo. Kalmar daga "mu'addib" take, mai koyar da ladabi, kuma a Garwa da Marwa da Ngaundere ta fi mallum nauyi nesa ba kusa ba, ta yadda dattijon da ya san ya kamata ba zai yarda a kira shi da ita ba idan bai kai ba. Modibbo Adama, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo wajen 1809, ya kafa Yola a 1841, ya rasu a 1847, da laƙabin karatunsa aka san shi, kuma sunansa ne ƙasar Adamawa ke ɗauke da shi a ɓangarorin iyaka biyu. Shi kansa "Fodiyo" laƙabin malanta ne da ake kiran mahaifin Shehu da shi. Idan ka ƙetara kogin Logon ka shiga Chadi, Larabcin can yana cewa faki, daga "faƙih", masanin fiƙihu, sai dai a amfanin yau da kullum ta faɗaɗa kamar yadda malam ta faɗaɗa, tana kama malamin allo na ƙauye da mai rubutun sha gaba ɗaya. Yaran allo kuma a can muhajirin ake ce musu, wadda ita ce asalin kalmarmu ta almajiri.

Faɗaɗar "malam" a Hausa ta samo asali ne daga rubutu. Lokacin da Turawa suka zo, waɗanda suka iya riƙe alƙalami su ne 'yan makarantar allo, don haka su aka ɗauka aikin rubuta haraji da shari'a, daga nan kuma aka samu malamin haraji, malamin asibiti, malamin gona, malamin daji, da malamin makarantar boko. A ƙarshe ta zama kalmar ladabi da ake kiran duk wani baligi da ba a san sunansa ba, har direban mota yana iya ce wa fasinja "malam, matsa ciki". Yara ma sun ba wani ƙwaro mai buɗe fukafukai yana rufewa sunan malam-buɗe-littafi. Wasu suna kukan cewa wannan ya arahantar da kalmar, ni kuwa ban ga asara a ciki ba, domin Bahaushe bai taɓa rikicewa ba. Idan aka ce "Malam ya fito" a unguwa, ba tare da an ambaci suna ba, kowa ya san wanda ake nufi, kuma ba direba ba ne.

Ustaz baƙuwa ce idan aka kwatanta da waɗannan. Asalinta Farisanci ne, Larabawa suka ara, kuma a Masar da Sudan ana kiran malamin jami'a da lauya da duk wani mai ilimin zamani da ita. Ta shigo mana ne tare da waɗanda suka yi karatu a Azhar da Hartum da Jami'ar Musulunci ta Madina da aka buɗe a 1961, da kuma malaman makarantun Islamiyya da na Faransanci da Larabci, masu aji da allon bango da takardar shaida. Bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978 da yaɗuwar wa'azinta zuwa garuruwanmu, kalmar ta ƙara ɗaukar wani launi, har ta kai ana kiran saurayi ustaz don ya tsayar da gemu ya ɗage wando, ko da bai karantar da kowa ba. A nan ta tashi daga sunan mai ilimi ta koma sunan mai nuna riƙo da addini, kuma wani lokaci da ɗan zolaya a ciki, kamar idan aka ce wane ya cika ustazanci. Shehu ko shaihi kuwa a da sai jagoran da ya tara ilimi da tarbiyya da mabiya, irin Shehu Usmanu, ko Shehu Laminu na Barno, ko Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha wanda ya rasu a 1975. Yanzu duk wanda ya samu lasifika da mai ɗaukar hoto sai a ga an rubuta masa ita, kuma wannan arahar ta fi damuna a kan ta malam.

Liman dabam yake da duk waɗannan domin muƙami ne. Kalmar daga "al-imam" take, kamar yadda alƙali ta fito daga "al-ƙadi". Limamin Juma'a a garuruwan lamidai, wato sarakunan Fulani, bisa al'ada lamido ne ke naɗa shi, yana da na'ibi, kuma ana iya sauke shi. Amma a salla ta yau da kullum duk Musulmin da ya fi sauran iya karatu yana iya shiga gaba, kuma da an sallame ya koma cikin jama'a. Saboda haka kowane limamin kirki malami ne, amma malamai da yawa ba su taɓa riƙe limanci ba. Alhaji kuma ba laƙabin ilimi ba ne ko kaɗan, shaidar sauke farali ce, ko da yake a kasuwa ta koma sunan mai kuɗi.

Duk waɗannan sunaye na ilimi ne ko na aiki. Sunayen masu ibada rukuni ne na daban, kuma a nan ne fassarar Faransanci ta fi yin ɓarna, domin marabu ta haɗa masani da mai tsoron Allah da mai karama a jiki guda. Bahaushe yana cewa salihi ko saliha ga mutumin da ya kiyaye sallarsa, ya tsare harshensa, bai ci haƙƙin kowa ba, ko da bai wuce Ahalari ba, har kalmar ta kai ana faɗin ta ga yaro mai sanyin hali. Yana cewa mai tsoron Allah, yana cewa bawan Allah ko baiwar Allah, wadda ita ma ta zama hanyar kiran baƙon da ba a sani ba cikin kyautata zato. Waliyyi ta fi su duka nauyi. Suratu Yunus, aya ta 62 da ta 63, ta siffanta waliyyan Allah da cewa su ne waɗanda suka yi imani kuma suka kasance suna taƙawa, ba ta ambaci rawani ko yawan littattafai ba. Mutanen ɗariƙa da mutanen Izala sun yi doguwar jayayya a kan karamomi da ziyarar kaburbura da tawassuli, amma ba su saɓa ba a kan cewa mutum ba ya naɗa kansa waliyyi, kuma babu majalisar da ke zama ta tabbatar wa wani da wulaya. Kada kuma ka rikita ta da waliyyin amarya a wurin ɗaurin aure, wanda shi majiɓincin al'amari ne kawai. Abin da ake fata shi ne ilimi da taƙawa su haɗu a mutum ɗaya, kamar yadda aya ta 28 a Suratu Faɗir ta nuna cewa masana ne ke tsoron Allah daga cikin bayinsa, amma harshenmu ya ajiye kalmomin a rabe saboda ya ga sau da yawa ba sa haɗuwa. Tsohuwar da ke tashi tsakar dare tana nafila saliha ce ba malama ba, Nana Asma'u 'yar Shehu kuwa, wadda ta rasu a 1864 bayan ta tsara karantar da matan karkara ta hannun jagororin mata da ake kira jaji, an shaide ta da duka biyun.

Kiristoci masu jin Hausa sun bi wannan rarrabewa da nasu kalmomin. Suna cewa fada ga na Katolika, fasto ga na sauran majami'u, Littafi Mai Tsarki na Hausa yana amfani da firist ga masu hidimar haikali da malaman Attaura ga masana shari'ar Yahudawa, masu ibada kuma tsarkaka. Mutanen duwatsun Tokombere a arewacin Kamaru kuwa, da suka ga zaman da fada Simon Mpeke ya yi a cikinsu har zuwa dab da rasuwarsa a 1975, Baba Simon kawai suka kira shi, kuma sunan da ya bi shi ke nan.

Akwai wani ɓangare da ba zan ɓoye maka ba, domin ba daidai ba ne mu ɗora wa Faransanci laifin duka. Mu ma muna cewa "ta tafi wurin malamai" alhali muna nufin ta je a raba wani da matarsa. Muna da malamin duba da malamin tsibbu, kuma kalmar malam ce a gaban kowannensu. Iyakar da ke tsakanin addu'a da ruƙiyya da rubutun sha, waɗanda malamai da yawa na zaure suke yi, da kuma bugun ƙasa da hatimin da ba a san ma'anarsa ba da yanka don aljanu, iyaka ce da malamai suka daɗe suna gardama a kan inda za a ja ta. Tun ƙarshen ƙarni na 15 Shehu Magili, wanda ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya gargaɗi Askiya Muhammadu na Songhai game da miyagun malamai masu cin dukiyar mutane da sunan addini, kuma Shehu Usmanu ya sake ɗaga wannan magana a zamaninsa. Wanda ya sauka Duwala ko Yaunde da carbi da buzu yana sayar da sa'a, da sunan malam ya gabatar da kansa, kuma shi 'yan kudu suka fara sani kafin su san irin mahaifinka. Dokar laifuffuka ta Kamaru, a sashe na 251, ta tanadi ɗaurin shekara 2 zuwa 10 da tarar sefa 5,000 zuwa 100,000 ga wanda ya yi maita ko sihiri ko duba ta hanyar da za ta dagula zaman lafiya ko ta cutar da wani a jikinsa ko dukiyarsa. Karantar da Alƙur'ani bai shiga wannan sashe ba ko kusa, amma idan kalma ɗaya ce ke kiran mai karantarwa da mai duba, to mai karantarwa ne ke kwana da zargin.

Saboda haka a aikin tafinta na daina amfani da marabu ga malamin allo. Idan ana cike takarda ina sa a rubuta abin da ke nufin malamin Alƙur'ani, wato "maître coranique", wanda ma'aikata sun san shi kuma suna karɓa. Idan liman ne a rubuta imam, idan masanin fiƙihu ne ko gwanin hadda a bar masa modibbo ko goni yadda jama'arsa ke kiran sa, tun da laƙabin ya riga ya zama ɓangaren sunansa. Game da takardarka kuwa, gyaran abin da aka rubuta a rajistar haihuwa yawanci sai an bi ta kotu, da kuɗi da zirga-zirga, kuma kalmar ba kuskure ba ce a idon hukuma balle a ce a gyara, don haka ban ba ka shawarar ka shiga wannan wahala ba. Abokan karatunka kuma, idan sun sake tsokanarka, ka tambaye su ko sun san inda sunan Rabat ya fito, sannan ka gaya musu adadin yaran da suka sauke Alƙur'ani a zauren gidanku. Idan ba ka riƙe adadin ba, ka tambayi gardawan mahaifinka idan ka je hutu Garwa, su suna riƙe da shi.